Tsohon da Ya Faɗa wa Jangis Han Gaskiya

A shekarar 1222, a wani sansanin yaƙi cikin duwatsun Hindu Kush na Afganistan ta yau, aka shigo da wani tsoho gaban Jangis Han, sarkin Mongol. Sunansa Qiu Chuji, malamin addinin Tao daga lardin Shandong na ƙasar Sin. Ya haura shekara saba'in, ya kuma shafe kusan shekara biyu a hanya da almajirai 18. Sarki ya tambaye shi ko ya zo da maganin mutuwa. Tsohon ya ce akwai hanyar kiyaye lafiya, amma babu maganin da ke hana mutuwa.

Amsar nan tana da dogon tarihi. Tun shekarar 219 kafin haihuwar Annabi Isa, Sarki Qin Shi Huang na ƙasar Sin ya tura wani mai suna Xu Fu da jiragen ruwa neman wannan magani a tsibiran gabas. Daga baya masana suka duƙufa kan tukunya, suna narka darma da jan dutsen da ake fitar da zaiba daga cikinsa, suna dunƙula ƙwayoyi. Guba ce tsantsa. A daular Tang kaɗai ta taɓa sarakuna da dama, cikinsu har da Wuzong, wanda ya mutu a 846 yana ɗan shekara talatin da 'yan kai.

Sannu a hankali wasu malamai suka mayar da tukunyar cikin jiki. Suka ce murhun yana ƙasan cibiya, kayan haɗin kuwa uku ne: jing, wato asalin ƙarfin jiki da suke dangantawa da maniyyi, sai qi, numfashin rai, sai shen, ruhi. Almajiri zai zauna shiru, ya miƙe baya, ya sassauta numfashi har ya zama da ƙyar ake jin sa, ya rage ci, ya kame sha'awa. Wani malami, Zhang Boduan, ya tsara wannan a littafinsa Wuzhen Pian a 1075. Duk wanda ya taɓa ganin malami ya shiga halwa a Tanut ko Balbeji zai gane fasalin, ko da yake aƙidar ta yi hannun riga da tamu. Mu mun san kowane rai sai ya ɗanɗani mutuwa.

Abin da ya sa nake girmama Qiu shi ne, yana gaban mutumin da ya ƙone birane, bai sayar masa da ƙarya ba. Ya ma shawarce shi ya rage mata, ya rage farauta, ya sassauta zubar da jini. Sarki bai daina yaƙi ba, amma ya ɗauke wa mabiyan tsohon haraji.

Dukansu biyu sun mutu a 1227. An binne Qiu a wurin ibadar Baiyun Guan da ke Beijin, inda hedikwatar ƙungiyar mabiya Tao ta ƙasar Sin take a yau.