Jirage Uku a Kan Hanyar Mahajjata

A zamanin da unguwarmu ta Sabo, nan gefen Mokola a Ibadan, ba ta cika shekara goma da kafuwa ba, mutumin da Allah ya nufe shi da sauke farali yakan yi wasiyya, ya sallami iyalinsa, ya hau jirgin ƙasa zuwa Kano, daga nan kuwa sai ƙafa da jaki, ta Maiduguri da Fort Lami da Fashar, har ya riski Kogin Nilu, tafiyar da kan ci shekaru, wadda da yawa a cikinta rai ya yi halinsa. Wannan hanya ce jirage uku na sojan saman Ingila suka biyo ta sama, domin sun taso daga Helwan, kusa da Alƙahira, ran 27 ga Oktoba, 1925, bisa jagorancin Arthur Coningham, suka sauka Kano ran 1 ga Nuwamba, zamanin Sarki Usman.

Wanda ya ji kwana shida sai ya yi zaton abin sauƙi ne, alhali kuwa ba haka al'amarin yake ba. Jiragen, waɗanda ake kira DH.9A, fiffike biyu gare su, na katako da aka lulluɓe da ƙyalle aka ɗaure da wayoyi, kowanne mutum biyu yake ɗauka, kawunansu a fili, iska na dukansu. Injinsu Liberty ne mai ƙarfin doki 400, ruwa ke sanyaya shi, shi ya sa a ƙasashen zafi sai da aka ƙara masa lagireto na biyu don kada ruwan ya tafasa, aka kuma riƙa ɗaure taya ta ko-ta-kwana a jikin jirgin, saboda filin sauka sau da yawa fili ne kawai da aka share. Idan rana ta take, iska takan yi sakayau, jirgin da ya sha mai ya yi nauyin tashi, ga rairayi da ke shiga inji yana cinsa sannu a hankali. A ganina jarumtakar makanikan jiragen, masu kwance inji a tsakiyar hamada, ba ta gaza ta matuƙan ba ko kaɗan, ko da yake tarihi bai cika ambatonsu ba.

Duka ukun sun koma Masar lafiya cikin watan Nuwamba na 1925. Shi kuwa Coningham, bayan ya kai babban muƙami a Yaƙin Duniya na Biyu, ajali ya riske shi a Janairun 1948, sa'ad da jirgin fasinja mai suna Star Tiger ya ɓace da shi a teku kusa da Bamuda, ba a ga ko ɓurɓushinsa ba.