Zango da Rijiya: Tarihin Ruwan Sokode da Dapaong

Kakanninmu fatake ba sa sauke kaya sai inda ruwa yake. In ayari ya taso daga Kano ko Katsina ya nufi Gwanja sayen goro, jagaba ne ke wucewa gaba ya duba masauki, kuma abin da madugu zai fara tambayarsa shi ne ko akwai abin da mutane da jakuna za su sha. Wurin da ruwansa ya ishi ayari shekara da shekaru, shi ke zama zango, zango kuma ya zama unguwa.

Haka Didawure ta kafu a ƙasar Kotokoli, a kan hanyar da ta biyo ta Nikki da Jugu, kusa da rafukan Kpondjo da Kpandi waɗanda har yau suke ratsa Sokode. A arewa kuwa ayari kan biyo ta Sansanin Mango, a bakin kogin Oti. Can ƙarshen tafiya ga Salaga, wadda ake wa kirari da garin rijiya dubu, domin mutanenta sun gane kasuwar da ba ta da ruwa baƙo ba ya kwana cikinta.

Jamusawa sun kafa barikinsu a Sokode a ƙarshen ƙarni na 19, Faransawa suka gaje su bayan yaƙin 1914, amma talaka bai rabu da guga da tulu ba. Sai bayan 'yancin kai na 1960 ruwan famfo ya zama aikin hukuma sosai. An kafa RNET a 1964, ta koma TdE a 2003, sannan a 2011 aka ƙirƙiro SP-EAU domin ta riƙe madatsu da bututu da sababbin ayyuka, TdE kuma ta ci gaba da tace ruwa da rabawa da karɓar kuɗi.

Garuruwan nan biyu kowanne ya jingina da madatsa: Sokode da ta Aleheride, Dapaong da ta Dalwak. Dalili yana ƙarƙashin ƙafafunmu. Yawancin ƙasar dutse ne mai tauri, ruwa ba ya kwanciya sai a tsagoginsa, don haka rijiyar burtsatse guda ba ta iya ɗaukar gari. Ita ma madatsa tana da nata ciwon. Damina ɗaya muke da ita a shekara. Hunturu da zafin Maris da Afrilu suna shanye abin da aka tara, laka kuma tana gangarowa daga gonakin da aka sare itatuwansu, tana cike gindin madatsa a hankali ba mai gani.

Ƙidayar 2010 ta sami mutum 95,070 a Sokode, 58,071 a Dapaong. Tun daga lokacin gidaje sun bazu nesa da inda tsofaffin bututu suka tsaya. Dapaong ta ƙara da wani nauyi: tun hare-haren 2022 a kan iyakar Burkina Faso, masu gudun hijira da mutanen ƙauyuka suna ta shigowa gari. Shirin PEAT da Tarayyar Turai ta ba da kuɗinsa ya taɓa Dapaong a kashi na farko, Sokode a na biyu. Amma aikin da aka auna da yawan mutanen jiya, kafin a gama shi gari ya riga ya wuce gaba.

A nan muka juya wa tsarin madugu baya. Yau mutum kan sayi fili a bayan gari, ya buga bulo, ya yi rufi, ya tare da iyalinsa, sa'an nan ya tambayi inda ruwa yake. Amsar kuwa tana kan 'ya'yanmu mata, da jarkoki tun kafin kiran assalatu.

Mai hali kan haƙa burtsatse a gidansa, ya sayar wa maƙwabta. Ba mu raina wannan ba, ya ceci unguwanni da yawa. Sai dai in gidaje ashirin suka huda tsagin dutse ɗaya, ranar da ya ƙafe tare za su yi kuka. Ga kuma masai: a fili ƙarami, ramin bayan gida da bakin rijiya sukan zama maƙwabta, ruwan ya fito garau alhali yana ɗauke da cuta. Burtsatse ɗaya ta unguwa, wadda masana suka zaɓi wurinta, da tanki a sama da injin hasken rana da kwamitin da ke ajiye kuɗin gyara, ta fi guda ashirin na ɗaiɗaiku. Jan bututun TdE shi ne mafi dorewa, amma yana son titi a buɗe, ba wanda aka cinye da katanga ba.

Akwai kuma ruwan sama da muke bari ya bi kwata. Rufin kwano mai faɗin murabba'in mita 100, a shekarar da aka yi ruwa milimita 1,000, yana karɓar lita 100,000. Gida mai mutum goma, kowa lita 20 a yini, lita 36,000 yake bukata a wata shida na rani.

Tun zaɓen ƙananan hukumomi na 2019, Sokode tana cikin Tchaoudjo 1, Dapaong cikin Tône 1, kowace da magajin gari da 'yan majalisa. Mu 'yan tsiraru ne, ƙuri'unmu kaɗai ba su sauya majalisa. Amma muna da sarakunan zango da limamai da 'yan kasuwa, kuma ƙishirwarmu ɗaya ce da ta maƙwabtanmu Kotokoli da Moba. Abin da ya kamata mu kai gaban magajin gari tare da su shi ne taswirar kowace sabuwar unguwa, a nuna mana filin tanki da layin bututu, a sa hannu a kansu tun masu awo ba su kafa duwatsun iyaka ba.