BAYANI: Wa doka ta yarje wa sayar da magani da yin allura a gida? Abin da ya shafi Rara da maƙwabtanta

A Rara, ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Rabah, haka kuma a ƙauyukan Wurno da Goronyo, ba kasafai ake fara kai marar lafiya asibiti ba. Kemis ake fara zuwa, ko a aika yaro ya kirawo wanda ya iya allura, ko kuma a lalubo ragowar ƙwayoyin da wani ya sha a bara. Babban asibiti yana hedikwatar ƙaramar hukuma, kuɗin mashin ya yi tsada, kuma tun bayan harin da aka kai Tabanni a watan Yulin 2018, wanda ya kori jama'a zuwa Gandi, tafiyar dare a gabashin Sakkwato ta zama abin da ake yi wa dogon tunani. Saboda haka mafi yawan jinya a ɗaki take farawa, a ɗaki kuma take ƙarewa. Wannan bayani ya duba abin da doka ta ce game da maganin da ke shiga waɗannan ɗakuna.

Hukumomi biyu, aiki biyu

Ana yawan cakuɗa su, alhali kowace da huruminta. Hukumar NAFDAC maganin kansa take dubawa: wa ya yi shi, me ke ciki, an yi masa rajista ko ba a yi ba. An kafa ta da Doka ta 15 ta 1993, bayan da gurɓataccen maganin zazzaɓi na ruwa ya halaka yara sama da ɗari a Jos da Ibadan a 1990. Hukumar PCN kuwa mutumin da ke sayarwa da wurin da yake sayarwa take dubawa. Ita ke yi wa masana harhaɗa magunguna rajista, ita ke ba mai kemis lasisi, ita kuma ke da ikon garƙame shago. A 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokarta, wadda ta maye gurbin ta 1992, ta kuma fayyace ikonta a kan duk wani wurin da ake sayar da magani.

Iyakar mai kemis

Lasisin mai kemis na musamman ne, kuma ƙunƙuntacce. An ƙirƙiro shi ne domin wuraren da babu ƙwararren masanin magunguna, wato irin su Rara. Wanda ya riƙe shi yana iya sayar da magungunan da ba sa buƙatar takardar likita, waɗanda ke cikin jerin da PCN ta amince da shi, kuma a cikin mazubin da kamfani ya rufe su. Lasisin bai ba shi ikon yin allura ba, bai ba shi ikon sa wa kowa ƙarin ruwa ba, bai kuma ba shi ikon kwantar da marar lafiya a bayan shago ba. Ana sabunta shi duk shekara, kuma na shagon da aka duba ne kaɗai. Ba ya bin mai shi zuwa zauren gida ko kasuwar ƙauye.

Sharaɗin mazubi shi ne wanda aka fi takawa, shi ne kuma ya fi muhimmanci. Manomin shinkafa ko albasa da ya wuni a fadama zai tsaya ya ce a haɗa masa na gajiya, sai a ɓalle masa ƙwayoyi huɗu ko biyar a ƙulle a leda. Da zarar ƙwaya ta rabu da kwalinta, sunanta ya ɓace, ƙarfinta ya ɓace, ranar lalacewarta ta ɓace. Irin wannan haɗi sau da yawa yana ɗauke da masu kashe ciwo iri biyu masu aiki ɗaya, kamar diclofenac da ibuprofen, waɗanda idan aka daɗe ana sha suke ci wa ciki da ƙoda, a wasu lokuta har da dexamethasone, mai ta da sukari da hawan jini. Jiki yana yin sauƙi nan take, shi ya sa ake komawa. Ranar da aka kwashi mutum zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, likita zai tambayi abin da yake sha, ba wanda zai iya cewa komai sai "ja da fari da kafso".

Ita ma allurar gida tana da nata tarihin. NAFDAC ta haramta analjin a 2005, ta kuma haramta allurar gentamicin mai ƙarfin miligiram 280 a 2010 saboda illarta ga ji da ƙoda. Duka biyun sun yi tashe a hannun masu allurar unguwa. Ma'aikacin lafiya mai rajista yana iya zuwa gida ya yi allurar da aka rubuta. Wannan halal ne a doka. Abin da ba halal ba shi ne wanda ya koyi soka allura a matsayin yaron kemis ya zama shi ne mai gano cuta, shi ne mai rubutawa, shi ne mai sayarwa.

Game da masu tallar magani a faranti ko a bayan mashin, doka ba ta bar wata kafa ba. Dokar jabun magunguna ta 1999 ta hana sayar da magani a kasuwa, da tasha, da bakin titi, da cikin motar haya, ta kuma tanadi tarar da ba ta wuce naira 500,000 ba, ko ɗaurin da bai gaza shekara biyu ba, ko duka biyun. Wannan tara ta yi nauyi a 1999. Yau kuwa babban dillali zai biya ta daga cinikin mako guda, ga shi kuma har yanzu ba a sauya ta ba, duk da kiraye-kirayen shugabannin NAFDAC ga Majalisar Tarayya.

Maganin da gwamnati da kanta ke kaiwa gida

Kuskure ne a ɗauka cewa ba da magani a gida shi ne laifin. Sakkwato na cikin jihohin da suka nuna ana iya yin sa bisa tsari. A 2013 jihar ta fara raba misoprostol, mai rage zubar jini bayan haihuwa, da chlorhexidine na shafa wa cibiyar jariri, ta hannun amintattun mutanen da aka horar a cikin al'umma, saboda an san mafi yawan mata a gida suke haihuwa. Haka nan duk damina masu aikin sa-kai kan bi gida-gida da maganin riga-kafin zazzaɓin cizon sauro ga yara 'yan wata 3 zuwa 59: na ranar farko a gabansu ake ba yaro, na kwana biyun da suka rage a bar wa uwa. Bambancin wannan da na mai faranti shi ne an san inda maganin ya fito, an auna shi da shekarun yaro, akwai kuma wanda za a tuhuma idan an samu matsala.

Ko a nan ma sai da aka ga illar rashin cikakken bayani. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa a ƙasashen Afirka da dama an ɗiga wa jarirai maganin cibiya a ido bisa zaton maganin ido ne, wasu har suka makance. Magani ne nagari, mai rajista, amma ya shiga ɗaki ba tare da an yi wa mai jego bayani ba.

Zafi

Akwai abokin gaba da ba ya buƙatar ɗan damfara. Yawancin kwalaye suna ɗauke da umarnin a ajiye su ƙasa da ma'aunin zafi 30, a Sakkwato kuwa bazara tana haura 40. Insulin da allurar oxytocin firiji suke so. Shagon kwano marar silin, ko akwatin da ke wuni a rana a bayan mashin, na iya raunana magani tun kafin ranar da aka buga a jikinsa ta zo. Ruwan amoxicillin na yara, da zarar an dama shi, kwanakinsa ƙidayayyu ne. Ajiye ragowarsa don ƙanin yaro bayan wata biyu ba tattali ba ne.

Daga ina kayan suke zuwa

Tsawon shekaru kasuwar Sabon Gari ta Kano ce babbar mashayar masu kemis na Arewa maso Yamma. A Fabrairun 2024, bayan hukuncin kotu, NAFDAC da PCN suka rufe shaguna sama da dubu a can domin tilasta wa dillalai komawa cibiyar sari ta Dangwauro, inda ake iya sa ido a kan abin da ke shiga da fita. Mataki ne mai ma'ana, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin kowane magani goma a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marar inganci. Sai dai gyaran ya fi ƙarfi a sama. Masu binciken PCN a manyan birane suke zaune, kuma hanyar da ba ta da tsaro ga marar lafiya ba ta da shi ga mai bincike. Rufe kemis ɗaya tilo a ƙauye ba tare da an zuba magani a asibitin mazaɓa ba, miƙa jama'a ne ga mai faranti. A nan ne tambayar ta koma ta siyasa: Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga asusun kiwon lafiya a matakin farko, da burin kowace mazaɓa ta samu cibiya ɗaya mai aiki. Ko kason ya isa cibiyar mazaɓarsa, ko akwai magani a kan kantarta, abu ne da ɗan Rara ke da haƙƙin tambayar kansilansa da ɗan majalisarsa.

Kafin nan, mai saye yana da abubuwan dubawa a hannunsa: lasisin PCN na bana a rataye a bangon shago, lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin kwali, da wurin kankarewa da ke kan magungunan zazzaɓin cizon sauro da yawa, wanda tun 2010 ake tura lambarsa ta saƙon waya kyauta a samu amsa. Idan kuma magani ya jawo ƙuraje, kumburi ko suma, ana kai rahoto ga cibiyar lafiya mafi kusa tare da kwalin, ko ta manhajar Med Safety da NAFDAC ta ƙaddamar a 2020.