Akawun Fada da Di'on da ya harbe shi

Yau hirarmu ta littafi ce, littafin da aka rubuta da Turanci a kan ƙasarmu ba tare da an yi shawara da mu ba. Sunansa Mister Johnson, ya fito a 1939, marubucinsa kuma Joyce Cary. Kada sunan ya ruɗe ki, namiji ne, an haife shi a Ailan a 1888. Ya shiga aikin mulkin mallaka a Nijeriya a 1913, ya yi yaƙin Kamaru har aka ji masa rauni a Mora, daga baya ya riƙe ƙasar Borgu yana gina hanyoyi da gadoji. A 1920 ya ajiye aiki ya koma Ingila ya kama rubutu. Kin ga ke nan ba labarin ji-ta-ji-ta ya bayar ba. Ya zauna a cikinmu, abin tambaya shi ne me ya gani.

Labarin yana faruwa ne a wani gari da ya ƙago ya sa wa suna Fada, mai Sarki da Waziri. Johnson yaro ne ɗan Kudu, ya yi makarantar mishan, aka kawo shi akawun Di'o. Ga son ado, ga waƙa da rawa, ga bashi ya yi masa katutu, kuma a bakinsa Ingila ce ƙasarsa alhali bai taɓa ganinta ba. Di'on, Rudbeck, ba abin da ke ransa sai hanyar mota da za ta haɗa Fada da babban titin Arewa. Da kuɗin aiki suka ƙare, Johnson ya nuna masa dabarar karkato kuɗin wasu ayyuka zuwa na hanya, a gyara lissafi a takarda. Rudbeck ya yarda. Da asiri ya tonu, akawu aka kora. Ya koma aiki a kantin wani tsohon sajen Bature mai suna Gollup, ya sake dawowa aikin hanya har aka gama ta, aka sake korarsa a kan kuɗi. Ƙarshe dai ya shiga kantin Gollup sata, da aka rutsa shi ya daɓa masa wuƙa.

To, a nan nake so ki ajiye tsintsiya ki saurara. Wanda ya yi wa Johnson shari'a shi ne Rudbeck, mutumin da suka yi maguɗin lissafi tare. Aka yanke hukuncin rataya. Johnson ya roƙi ubangidansa da ya harbe shi da hannunsa, a matsayin alfarma, shi kuwa ya ɗauki bindiga ya harbe shi. Yadda Cary ya tsara wurin, mai karatu zai tashi yana tausayin Bature, wai ga nauyin da ya ɗauka a zuciyarsa, ga halaccin da ya yi wa yaronsa. Yaron kuma ya mutu yana godiya. Don Allah fa! Ba ina wanke Johnson ba ne, ai ya kashe rai. Amma mutum biyu suka taɓa baitulmali, ɗaya ya rasa aikinsa, ɗaya ya ci gaba da zama a kujerarsa har ya zama alƙalin abokin laifinsa, littafin kuma bai tsaya ya tambayi wa ya ba baƙo ikon yanke hukunci a ƙasar da aka ci da bindiga ba. Kano da Sakkwato a 1903 suka faɗa hannun sojojin Lugga, shekara 36 kacal kafin fitowar littafin.

Sai dai a yi wa Cary adalci. Bai ɓoye cewa hanyar ta zo da ɓarayi da rigingimu ba, har shi Rudbeck ya tsaya yana tunanin ko alheri ya shuka. Ya kuma nuna Gollup a matsayin mashayi mai dukan ma'aikatansa. Yana son Johnson ƙwarai, amma irin son da ake yi wa yaro mai ban dariya, wanda ba a zaton zai girma. A littafin da kiɗa da giya ake jawo mutane aikin hanya. Tambayi tsofaffin gidanku yadda aka ɗebi kakanninmu aikin tilas na hanya da na dogo, ki ji ko rawa suka je.

Akwai kuma Bamu, yarinyar ƙauye da Johnson ya aura da alkawarin kuɗin aure da bai iya cikawa ba. Ya so ya mai da ta matar zamani, ya saya mata kayan Turawa, ita kuwa ba ruwanta. Marubucin ya shiga zuciyar matar Di'o, Celia, ya faɗa mana kaɗaicinta da ruɗewarta. Bamu kuwa kallonta ya yi daga waje, kamar wadda ba ta da tunani sai na ciniki. Ni kuwa da na karanta sai na ga ita ce mai hankalin gidan, don ita kaɗai ta gane cewa mijin da ke rabon kyauta da kuɗin bashi ba zai riƙe iyali ba. Kowace mace a cikinku ta san wannan lissafin.

A 1952 mujallar Time ta Amurka ta yaba littafin a matsayin wanda ya fi kowane ƙagaggen labari da aka rubuta kan Afirka. A daidai wannan zamani ana koyar da shi a Kwalejin Jami'a ta Ibadan, kuma cikin ɗaliban akwai Chinua Achebe. Ya ba da labari a littafinsa Home and Exile na shekarar 2000 cewa wani ɗan ajinsu ya gaya wa malaminsu Bature cewa ba inda ya ji daɗi a littafin sai inda aka harbe Johnson, don tsabar haushin yadda aka zana ɗan Nijeriya. Wannan haushi yana cikin abin da ya tura Achebe ya rubuta Things Fall Apart, wanda ya fito a 1958. A 1990 ma an mai da Mister Johnson fim, aka ɗauke shi a Nijeriya, Pierce Brosnan ya fito a Rudbeck.

Abin da ya sa na kawo miki wannan, uwargida, shi ne har yau ana rubutu a kan matan kulle daga bakin zaure, ana faɗin abin da ke ranki ba a tambaye ki ba. An taɓa tambaya kuwa. Tsakanin 1949 da 1950 wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna a ƙasar Zazzau da wata tsohuwa, Baba ta Karo, ta rubuta abin da ta faɗa da Hausa, aka buga da Turanci a 1954. Baba ta ga zuwan Turawa da idonta. Ta yaba musu kan hana harin kama bayi, ta kuma faɗi yadda bayin gidansu suka watse, ta ba da labarin aurenta huɗu da kishiyoyi da ƙawaye da sana'ar cikin gida. Shekara 15 ne tsakanin littafinta da na Cary.