Talabijin Mai Intanet ko Ƙaramin Akwati? Ga Yadda Tarihin Ya Faro

Duk wanda ya shiga kasuwar Alaba a Legas neman talabijin, mai shago zai tambaye shi: mai intanet kake so ko wadda ba ta da shi? Tambayar nan tana da tarihi, kuma saninsa zai iya hana mutum asarar kuɗinsa.

Tun a 1996 aka fito da WebTV a Amurka, wani akwati da ake haɗa shi da talabijin da layin tarho domin karanta saƙonni da leƙa shafuka. Microsoft ya saye kamfanin a 1997, sai dai intanet ɗin lokacin tafiyar hawainiya yake yi, ba ya iya ɗaukar fim. A 2007 ne abin ya kankama, lokacin da Netflix ya fara nuna fina-finai ta intanet, Apple kuma ya fitar da akwatinsa, Apple TV. A 2008 akwatin Roku ya biyo baya. A cikin Netflix aka fara ƙera shi, amma shugaban kamfanin, Reed Hastings, ya hango cewa idan suka sayar da nasu akwatin, sauran masu ƙera na'urori za su ɗauke su a matsayin kishiya. Sai ya bar wa kamfanin Roku aikin.

Masu ƙera talabijin irin su Samsung da LG da Sony ba su zauna ba, suka fara dasa intanet a cikin talabijin ɗin kanta. A 2010 Google ya haɗa kai da Sony da Logitech aka fitar da Google TV, amma ga tsada, ga wuyar sarrafawa, manyan tashoshin Amurka kuma suka toshe shirye-shiryensu. Google ya koyi darasi. A 2013 ya dawo da Chromecast, 'yar na'ura kamar ɗan yatsa da ake cusawa a bayan talabijin, a kan dala 35 kacal. Amazon ya fitar da Fire TV a 2014.

Daga nan ne aibin talabijin mai intanet ya fara bayyana. Allonta kan yi shekara goma yana aiki, amma 'yar kwamfutar da ke cikinta tana saurin tsufa, kamfani kuma yana daina sabunta manhajarta. A 2015 YouTube ya daina aiki a kan wasu tsofaffin talabijin na Sony da Panasonic. A Disambar 2019 Netflix ya ɗauke daga wasu Samsung na 2010 da 2011. Tsofaffin akwatunan Roku ma abin ya shafe su, amma mai akwati ƙaramin kuɗi zai kashe ya sayi sabo, mai talabijin kuwa babbar kadara ce ta nakasa a hannunsa.

Akwai kuma batun leƙen asiri. A 2017 kamfanin Vizio ya amince ya biya dala miliyan 2.2 a Amurka, bayan hukuma ta zarge shi da tattara bayanan abin da ake kallo a talabijin miliyan 11 ba da yardar masu su ba.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin da yawa daga cikinmu tokumbo muke saye, kuma ta YouTube iyalai ke bibiyar fina-finan Hausa masu dogon zango. Kafin ka biya, ka duba shekarar da aka ƙera talabijin ɗin, ka sa a buɗe maka YouTube a gabanka. Idan allon na da kyau kuma akwai ramin HDMI, ko da manhajar ta mutu, ƙaramin akwati zai farfaɗo da ita. Allah Ya sa mu dace.