Soyayya da Zama Mutum a Garin Masunta: Nazarin Littafin Shiosai na Mishima Yukio

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci ƙagaggen labarin Shiosai, wato Amon Igiyar Ruwa, wanda marubucin Japan Mishima Yukio (1925-1970) ya wallafa a 1954. An bi zubin labarin da halayen taurarinsa, aka ɗora su a kan tsarin aure da gado na ƙasar bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Abin da nazarin ya gano shi ne, soyayyar saurayi da budurwar ba ita ke jan ragamar labarin ba. Bakin mutanen gari da buƙatar wani attajiri ta samun magaji su ne ke yanke hukunci, kuma da aikin teku ake auna wanda ya isa aure.

Gabatarwa

Mishima ya je ƙasar Girka a 1952, ya dawo da sha'awar tsohon labarin Daphnis da Chloe, na wasu makiyaya biyu da suka taso tare har so ya shiga tsakaninsu. A 1953 ya ziyarci Kamishima, wani ɗan tsibiri a bakin mashigin tekun Ise da ke ƙarƙashin birnin Toba a jihar Mie, ya mayar da shi Utajima a cikin littafin. Makiyaya suka koma masunta. Littafin ya ci kyautar adabi ta kamfanin Shinchosha, aka yi fim ɗinsa a shekarar da ya fito, aka sake yi a 1964 da 1975, Meredith Weatherby kuma ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1956. Wannan farin jini ya sa aka fi ɗaukarsa a matsayin tatsuniyar so mai daɗin ji, ba a cika tambayar wa ke da ikon ɗaura auren ba.

Garin da kowa ya san kowa

Mutanen Utajima ba su wuce 1,400 ba. Shinji ɗan shekara 18 ne, maraya, jirgin saman yaƙi ya harbe mahaifinsa a cikin kwale-kwale a shekarar ƙarshe ta yaƙi. Yaron jirgin su ne a wurin wani dattijo, Jukichi, uwarsa kuma tana cikin matan da ake kira ama, masu nutso ƙarƙashin teku da numfashinsu kawai don ɗebo awabi, wata katantanwar ruwa mai tsada. Hatsue ɗiyar Miyata Terukichi ce, mai manyan jiragen dakon kaya. Tun tana ƙarama aka ba da riƙonta a wani gari, sai da ɗansa namiji tilo ya rasu ya aika aka dawo da ita.

Yaran ba su sha wahalar gane juna ba. Shinji ya yar da ambulan ɗin albashinsa a bakin ruwa, Hatsue ta tsinta ta kai wa uwarsa, daga nan magana ta ƙare a zukatansu. Ko ranar da hadari ya haɗa su a wata tsohuwar hasumiyar soja, ita ta ce sai bayan aure, shi kuma ya girmama maganarta. Ke nan tun kafin tsakiyar littafin babu sauran shakka a tsakaninsu, babu kishi mai ƙarfi, babu yaudara.

Matsalar daga waje ta zo. Chiyoko, ɗiyar mai gadin fitilar jiragen ruwa, wadda ke karatu a jami'a a Tokyo kuma take son Shinji a ɓoye, ta hango su suna saukowa tare. Ta gaya wa Yasuo, ɗan masu hali da ke ganin shi ya dace da Hatsue. Zancen ya bi gari, har Terukichi ya ji shi da kunnensa a gidan wanka na jama'a, ya hana ɗiyarsa ganin yaron. Abin lura a nan shi ne hanyar da maganar ta bi: gidan wanka, idon ruwan da mata ke ɗiba, bakin teku inda masu nutso ke jin ɗumi. A ƙaramin gari wuraren aiki su ne wuraren shari'a. Hatta wasiƙun masoyan ta nan suke bi, domin Hatsue a ƙarƙashin murfin randar ƙofar gidansu take ajiye su, abokin aikin Shinji ya ɗauko da asuba, a karanta a cikin kwale-kwale Jukichi yana saurare.

Jarrabawa biyu

An daɗe a Japan da al'adar mukoyoshi: gidan da ba shi da ɗa namiji ya ɗauki mijin ɗiyarsa ya zama ɗa, ya amsa sunan gidan, ya gaji sana'a. Tun farkon labarin masunta suke raɗe-raɗin cewa abin da Terukichi ke nufi ke nan. Idan aka riƙe wannan, sai halinsa ya fito fili. Suruki yake nema, amma fiye da haka yana neman wanda zai bar wa jirage. Shi ya sa ya shirya a ɗauki Shinji da Yasuo aiki a jirginsa Utajima-maru ba tare da sun san gwaji ne ba. A gaɓar Okinawa mahaukaciyar guguwa ta taso, igiyar da ke riƙe da jirgin ta fara tsinkewa. Kyaftin ya nemi wanda zai yi iyo ya ɗaura wata. Yasuo ya yi gum. Shinji ya ɗaura igiyar a ƙugu ya faɗa ruwa cikin duhu, ya kai ta. Rahoton kyaftin shi ya sauya ra'ayin tsohon, ba hawayen ɗiyarsa ba.

Masu sharhi sun fi tsayawa a wannan dare, amma akwai jarrabawar da ta riga shi, kuma a ganin mai wannan nazari ta fi shi fasaha. Wani ɗan koli ya sa gasar nutso tsakanin mata, kyautar jakar hannu ce. Hatsue ta fito da awabi 20, uwar Shinji ta biyo ta da 18. Yarinyar ta zaɓi jakar da ta dace da manyan mata, ta miƙa wa uwar Shinji, wadda aka taɓa wulaƙantawa a gidan Miyata. Da wannan ta nuna ƙarfin huhu da ladabi a lokaci guda, a gaban matan da su ne suka fi yaɗa gulmarta. Waɗannan matan ne daga baya suka rufa wa matar mai gadin fitila baya zuwa wurin Terukichi neman sulhu, bayan Chiyoko ta yi nadama ta ƙi dawowa gida sai an gyara ɓarnar da ta yi. Bakin da ya raba shi ya haɗa.

Mai karatun Hausa zai tuna In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, inda ɗiyar masu kuɗi ta so talaka. Sai dai a can masoya na ja da hukuncin manya, a nan kuwa ba wanda ya ja. Shinji bai taɓa tunanin gudu da yarinyar ba, jira ya yi.

Abin da labarin ya tsallake

Kundin tsarin mulkin Japan da ya fara aiki ran 3 ga Mayu 1947 ya tanadi, a sashe na 24, cewa yardar ma'aurata biyu kaɗai ce ginshiƙin aure, kuma gyaran dokar iyali na wannan shekara ya rushe ikon da mai gida ke da shi a kan auren mutanen gidansa. Littafin ya fito shekara bakwai bayan haka, amma wannan sauyi bai taka wata rawa a Utajima ba. Birni yana leƙowa ne kawai ta bakin Hiroshi, ƙanen Shinji, da ya je yawon makaranta Kyoto da Osaka, da kuma ta Chiyoko, wadda marubucin ya ba ta boko ya haɗa mata da ƙin fuskarta da hassada. Wannan zaɓi ba na banza ba ne. Duk wanda ya iya dogon tunani a littafin sai ya zama mai ɓarna ko mai rauni, duk mai ƙarfin jiki da ƙarancin magana sai ya zama nagari.

Haka ma rufewar labarin. Hatsue ta ɗauka hotonta da ta ba shi ne ya kare shi a daren guguwa, Shinji kuwa a ransa ya san ƙarfinsa ne. Marubucin ya tsaya a bayan saurayin, ya manta da awabi 20 da matan da suka taka har gidan Miyata. A nan Mishima ya rage wa littafinsa daraja da hannunsa, domin shafukan da suka gabata sun riga sun nuna cewa aikin mata ne ya share wa auren hanya kafin igiyar Shinji ta kammala shi.