Shaidar Kan Jirgi: Tantance Jiragen Ƙasa a Tsofaffin Hotunan Majigi

Manazarta tarihi da na harshe sukan kafa hujja da hotunan majigi na zamanin mulkin mallaka tamkar ganau ne. Sai dai masu harhaɗa irin waɗannan finafinai na tafiye-tafiye, su British Pathé da makamantansu, ba domin tarihi suka yi aikin ba. Idan suna bukatar jirgi yana wucewa, sukan ɗauko wanda ke ajiye su liƙa. Saboda haka shekarar da aka rubuta a kan fim ba lallai ba ne ta zama shekarar kowane hoto da ke cikinsa. Wannan maƙala ta dubi yadda jirgin da kansa yake ba da shaida.

Shaida ta farko ita ce haruffan da ke jikin tarago. A 1912 aka haɗe reluwen Ikko da na Baro zuwa Kano suka zama Nigerian Railway, mai alamar NR. A 1955 aka kafa hukumar Nigerian Railway Corporation, wato NRC. Duk taragon da ya fito da NRC, ba a ɗauki hotonsa kafin 1955 ba. Amma hujjar ba ta juyuwa, domin ba a rana ɗaya ake sake fentin dukkan taragai ba, kuma mai tsohuwar alama yana iya ci gaba da aiki. Nan ne mai gaggawa yake zamewa.

Kan jirgi ya fi tarago bayani. A 1948 kamfanin Vulcan Foundry na Ingila ya ƙera wa Nijeriya kawunan jirgi masu amfani da kwal da aka raɗa wa sunayen koguna. Tsarin ƙafafunsu 2-8-2 ne: ƙanana biyu a gaba, manya takwas masu ja, sannan biyu a baya. Ana iya ƙirga su idan aka tsai da hoton. Ƙirgar kaɗai ba ta isa ba, domin a kan fasalinsu aka ƙera wa reluwen Gabashin Afirka wasu kawunan a shekarun 1950, waɗanda aka ba sunayen ƙabilu. Daga nesa sai a ce tagwaye ne. Faɗin dogon ma ba ya raba gardama: na Nijeriya ƙafa 3 da inci 6 ne, na Kenya mita 1, bambancin bai kai inci 3 ba, ido ba ya kama shi a majigi. Dole a jira jirgin ya matso a karanta allon sunan da ke gefensa. Idan kogi ne, to gida ne.

Inda faɗin dogo yake da amfani shi ne layin Bauchi Light, wanda ya tashi daga Zariya zuwa Jos da Bukuru domin jigilar kuza. Faɗinsa ƙafa 2 da inci 6 ne, an kuma rufe shi a 1957. Ƙanƙantarsa a bayyane take da zarar mutum ya tsaya kusa da shi.

Sauran shaidun na hanya ne. Jirgin da ke haye Binuwai a kan gadar Makurɗi bai gabaci 1932 ba, wanda ke tsaye a tashar Maiduguri kuwa bai gabaci 1964 ba.

Abin da ya fi shafar masu nazarin harshe shi ne sauti. Yawancin hotunan nan ba tare da murya aka ɗauke su ba. Usur, da hayaniyar tasha, da surutun fasinjoji, a ɗakin aiki ake ɗora su daga baya. Wanda ya ji kamar Hausa a ƙarƙashin ƙarar jirgi, ya rubuta cewa karin harshen tashar Kano ne na waccan shekara, ya gina bincikensa a kan muryar da wataƙila ba ta taɓa zuwa Kano ba.